Kama da Wane Ba Wane Ba Ne: Iyakar Madubin Ganin Dare

Duk lokacin da aka kai hari cikin dare a wani ƙauye na gabashin Sakkwato, akwai buƙatar da ba ta ɓacewa daga bakin masu sharhi a rediyo da majalisun hira, wato a sayo wa masu tsaro madubin ganin dare. Buƙata ce mai hujja. Mutanen Kalmalo da maƙwabtansu na ƙaramar hukumar Illela ba su manta da watan Nuwamba na 2021 ba, lokacin da 'yan bindiga suka afka wa ƙauyukan yankin cikin duhu suka hallaka gomomin bayin Allah. Wanda ya taɓa kwana yana jin rurin babura bai ga masu su ba, babu mai zarginsa da azarɓaɓi idan ya nemi abin da zai yaye masa duhun. Tun da Katsina ta kafa rundunar tsaron al'umma a 2023, Zamfara ta biyo da askarawanta, Sakkwato ma ta ƙaddamar da tata a 2024, maganar kayan aiki ta ƙara ƙarfi, kuma wannan madubi yana cikin abin da ake yawan ambata.

Ban ƙi a saya ba. Abin da nake so mai karatu ya riƙe shi ne, madubin yana hango abu daga nesan da ba ya iya faɗa maka ko mene ne, harsashi kuwa yana kaiwa wannan nesa cikin sauƙi. A tsakanin inda ido ya hango da inda ya tantance akwai fili mai faɗin ɗaruruwan mita, kuma a cikin wannan fili ne ake kashe wanda bai ji ba bai gani ba.

Na'urorin da muke tattarawa ƙarƙashin suna ɗaya ba jinsi ɗaya ba ne. Akwai mai ƙara haske, wadda ke tsintar ɗan hasken wata da na taurari, ta mayar da shi ƙwayoyin lantarki, ta ninka su sau dubbai a cikin wani faifai mai ɗauke da miliyoyin ƙananan ramuka, sannan ta watsa su kan wani ɗan allo su koma hoto. Ita ce mai koren hoton nan da muka saba gani a fina-finan yaƙi. Ba ta ƙirƙirar haske, abin da ta samu take ninkawa. A daren sha huɗu ga wata tana aiki kamar ta yi magana. A daren da babu wata kuwa, hasken da ke sauka ƙasa yakan ragu sau ɗari ko fiye, idan hadari ya rufe taurari ya ƙara raguwa kusan sau goma, sai hoton ya cika da wani tsaki-tsaki mai motsi kamar an watsa gero a kan madubi. Akwai kuma mai gano ɗumi, wadda ba ruwanta da haske ko kaɗan. Zafin da jikin mutum ko dabba ko injin babur ke fitarwa take aunawa, ta zana shi fari ko baƙi. Ta uku ita ce mai araha da ake tallatawa a intanet, wadda a haƙiƙa kyamara ce da aka haɗa da tocila mai hasken da ido ba ya gani. Ganinta ba ya wuce inda tocilar ta kai. Masu ƙara haske na sahun gaba kuwa Amurka ta ɗaure fitar da su da dokoki masu tsanani, a nan gida ma shigo da irin waɗannan kaya yana buƙatar takardar izini daga ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan harkokin tsaro.

Samfurin da ya fi jan hankalin masu sayayya shi ne wanda ake maƙalawa a gaban madubin saitin bindiga na rana. Dalilin a fili yake: ba sai an sayi sabuwar bindiga ko an kwance saitin da aka sha wahalar daidaitawa ba. Rana ta faɗi a maƙala, gari ya waye a cire. Sai dai a nan ne ruɗin yake. Da rana, idan maharbi ya murɗa madubinsa daga ninki 4 zuwa ninki 16, yana samun ƙarin bayani na gaskiya, domin hasken da ya taso daga jikin abin da yake kallo shi ne ke shigowa idonsa kai tsaye. Da zarar an maƙala na'urar dare a gaba, madubin ya daina kallon daji. Ɗan allon da ke cikin na'urar yake kallo, wanda faɗinsa bai kai na farcen babban yatsa biyu ba. Duk ninkin da aka ƙara, hoton allon ake ƙara wa girma tare da tsakinsa da dishi-dishinsa. Duk wanda ya taɓa buɗa hoton da aka yi ta turawa a WhatsApp don ya gane fuskar wani a sahun baya ya san abin da nake nufi. Fuskar tana girma, amma ba ta bayyana. Ɗalibaina sukan yi gardama a kan wannan har sai na sa su kusanta gilashin ƙara girma ga hoton jarida, su ga yadda fuskar gwamna ta koma ɗige-ɗigen tawada.

Ga kuma wasu asarori da ba a rubutawa a jikin kwali. Kowane gilashi da haske ya ratsa yana cin rabonsa. Launi yana ɓacewa gaba ɗaya, saboda haka kakin soja da na askari da rigar manomi duk toka ɗaya ne. Idan maƙalin ya ɗan saki, ko na'urar ba ta da ingancin daidaito, inda saiti ya nuna da inda harsashi zai faɗa sukan bambanta, kuma bambancin yana ƙaruwa da nisa. Fitilar babur ɗaya a cikin hoton takan yi kambun haske ta rufe wanda ke zaune a kansa.

Wannan matsala ba yau aka gano ta ba. A 1958 wani masani mai suna John Johnson, wanda ke aiki a ɗakin binciken ganin dare na sojan Amurka, ya gwada mutane da hotuna masu inganci dabam-dabam don ya gano ƙarancin bayanin da ido ke buƙata kafin ya yanke hukunci. Ya rarrabe matakai, uku daga ciki su ne suka shafe mu. Na farko shi ne hange, wato ka san akwai wani abu a can. Na biyu shi ne ganewa, ka san mutum ne ba jaki ba. Na uku shi ne tantancewa, ka iya faɗin irin mutumin ko irin motar. Idan aka fassara sakamakonsa zuwa ɗigogin hoto na na'urorin yau, hange yana buƙatar kamar ɗigo 2 a faɗin abin, ganewa kamar 8, tantancewa kamar 13. Kuma ko an cika wannan adadi, rabin masu kallo ne kawai ke dacewa. Har yau da wannan ma'auni masu ƙera na'urorin ke lissafin nisan da suke tallatawa, amma lambar da suke bugawa da manyan baƙaƙe ta matakin farko ce.

Mu yi lissafin da ɗan sakandare zai iya bi. A ɗauki na'urar gano ɗumi mai kyau, ba ta bogi ba, mai ɗigo 640 a kwance da 480 a tsaye. Jimilla ɗigo 307,200 ke nan, alhali kyamarar wayar da ke aljihunka tana da miliyan 12 ko fiye. A ce faɗin kowane ɗigo maikiron 12 ne, gilashin gaba kuma mai milimita 50. A nisan kilomita 1, kowane ɗigo ɗaya yana rufe santimita 24. Namiji tsayayye mai tsawon mita 1.7 zai fito a matsayin ɗigo 7 a tsaye, 2 a kwance. Shi ke nan mutum, wani farin zane kamar ɗan ashana. A mita 500 zai zama 14 da 4. Bisa ma'aunin Johnson, wannan na'ura za ta hango shi daga wajen mita 1,500, ta gane mutum ne a wajen mita 400, ba za ta kai matakin tantancewa ba sai ya matso ƙasa da mita 250. Abin da ya saɓa a kafaɗa kuwa, ko ƙotar galma ce ko bindiga, kaurinsa bai wuce santimita 4 ko 5 ba, wato bai cika ɗigo ɗaya ba a mita 500, kuma ice ba ya ɗumi irin na jiki balle ya fito fili. Mafi yawan abin da ke kasuwa ma bai kai wannan ba, masu ɗigo 384 da 288 sun fi yawa.

Duk wannan lissafi na dare mai sanyi da iska mai tsabta ne, irin wanda ake gwada kayan a Turai. Ƙasarmu tana da nata hukunci. Na'urar ɗumi bambancin zafi take gani, tsakanin jikin mutum da abin da ke bayansa. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40 da rana, yashi da katangun laka da duwatsu suna shan rana su yi ta amayar da zafi har bayan isha'i. Fatar mutum tana wajen digiri 33 zuwa 34. Idan katangar da ya jingina da ita ta kusa haka, ya narke a cikinta. A gefe guda kuma kututture ko surin da ya riƙe zafi zai tsaya fari tas kamar mutum a tsugune. Da hunturu, ƙurar da ke hana jiragen sama sauka ita ce ke dusashe wata da taurari, ta rage wa mai ƙara haske abincinta, ta kuma mayar wa mai tocila haskensa a ido kamar direban da ya kunna babbar fitila cikin hazo. Da damina gero da dawa sun fi mutum tsawo, babu na'urar da ke ratsa kara.

Yanzu sai mu tambayi kanmu, wa ke tafiya cikin dare a Kalmalo? Wanda ke zaune a birni yakan ɗauka dare na mugu ne kaɗai, shi ya sa ake saurin kawo karin maganar nan ta rigar mugu. A bakin iyaka dare lokacin neman abinci ne. Tafkin Kalmalo, duk da ja da bayan da ya yi tun bayan madatsun da aka gina a kan ruwan Majiya a ɓangaren Nijar, har yanzu fadamarsa tana riƙe da masu noman rani, kuma mai albasa ya fi son ban ruwa da dare ko da asuba saboda rana ba ta shanye masa ruwan. Yana fita da galma a kafaɗa, injin ban ruwansa kuma a na'urar ɗumi zafinsa ɗaya da na babur. Makiyayin da zai kai dabbobi kasuwar Illela ranar Lahadi tun daren Asabar yake kama hanya, sandarsa gicciye a kan kafaɗu, hannuwa biyu rataye a kanta. Ka ƙaddara wannan siffa a ɗigo 14 da 4. Ga 'yan kasuwar da ke zirga-zirga tsakanin Illela da Birnin Ƙonni, waɗanda rufe iyakar da aka yi a 2019 da wanda ya biyo bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 suka koya wa bin hanyoyin daji a ayarin babura ba fitila. Ko mun kira su 'yan fasa-ƙwauri, hukuncin fasa-ƙwauri ba kisa ba ne. Ga mai kai matarsa asibiti tana naƙuda. Ga mafarauci da bindigarsa ta toka. Ga kuma, wanda ya fi ɗaga mini hankali, mutanen ƙauyen da aka kai wa hari suna gudu cikin duhu zuwa inda suke tsammanin tsira, da 'yan sa-kai na ƙauyen gaba da suka ɗauko makamai suka fito kai ɗauki. Waɗannan na ƙarshe ko na'urar ta nuna bindigarsu ƙarara, ba ta da hanyar nuna na wane ɓangare ne.

Kada a ce wannan matsalar marasa horo ce. A yaƙin Tekun Fasha na 1991, sojan Amurka ya shiga da na'urorin ɗumi mafi inganci a zamanin, tankokinsa suna hango abokan gaba cikin dare da guguwar yashi daga nesan da Iraƙawa ba su ma san da su ba. Daga cikin sojoji 148 da Amurka ta rasa a fagen daga, 35 'yan uwansu ne suka kashe su bisa kuskure. Ɗaya daga cikin manyan dalilan da aka gano shi ne, igwa tana kaiwa inda madubi ke nuna farin tabo kawai, ba a iya bambanta motar gida da ta maƙiyi. Waɗannan ƙwararrun sojoji ne, da rediyo da taswira da tsarin umarni.

Mu ma muna da namu kaburbura, ko da yake daga sama aka yi ɓarnar ba daga bakin bindiga ba. A daren 3 ga Disamba 2023 jirgi marar matuƙi na sojan ƙasa ya jefa bam kan masu Maulidi a Tudun Biri ta ƙaramar hukumar Igabi a jihar Kaduna. Hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa ta ce an binne mutum 85, babban hafsan sojan ƙasa na lokacin, Laftanar Janar Taoreed Lagbaja, ya je da kansa ya ba da haƙuri. A watan Janairun 2025 a jihar Zamfara, harin jirgin sama ya rutsa da 'yan sa-kai da mutanen gari waɗanda suka fito bin sawun 'yan bindiga. Kyamarorin jirage sun fi abin da za a ɗora wa bindiga tsada da ƙarfi nesa ba kusa ba. Duk da haka an ga taron mutane, an ga motsi, sai zuciya ta cike gurbin da hoto ya bari. Haka ƙwaƙwalwar ɗan Adam take aiki: idan an ba ta ɗigo goma sha huɗu, ga tsoro, ga labarin da aka ji da yamma cewa suna tafe, ita za ta zana bindigar da kanta. Mun saba cewa gani ya kori ji. A cikin wannan madubi, ji ne ke faɗa wa gani abin da zai gani.

Saboda haka idan gwamnatin jiha ko wata ƙaramar hukuma ko wani attajiri mai kishin garinsu zai kashe kuɗi a wannan fanni, shawarata ta farko ita ce a raba ido da baki. Madubin da ke jikin bindiga yana da wani aibi da ba na gilashi ba: kafin ka duba mutum sai ka auna shi. Duk kallo barazana ce, kuma tsakanin kallo da harbi motsin yatsa ɗaya ne. Na'urar ɗumi ta hannu, ko wadda aka ɗora a kan tankin ruwa ko doguwar hasumiya a bakin gari, tana cin moriyar abin da wannan fasaha ta fi ƙwarewa a kai, wato hange. Ayarin babura goma da aka hango daga kilomita ɗaya da rabi yana nufin 'yan mintunan da za a tashi gari, a kira sansanin soja, a kawar da mata da yara. Wannan riba ce babba, kuma ba ta buƙatar a tantance kowa. Mutum ɗaya ya duba, wani dabam ya riƙe makami, na uku ya ba da umarni. Madubin bindiga mai dogon zango a bar wa sojan da aka horar, wanda ke ƙarƙashin dokar da za ta tuhume shi.

Sannan kada a karɓi kaya da lambar da ke jikin kwali. A kawo su fadamar Kalmalo a gwada, sau ɗaya a tsakiyar Afrilu bayan magariba, sau ɗaya a daren hunturu mai ƙura da babu wata. A tsayar da mutum uku, ɗaya da galma, ɗaya da sanda, ɗaya da bindigar da aka cire wa harsashi, a nisan mita 100, 200, 300 har 500, a sa waɗanda za su yi aiki da na'urar su faɗi wane ne wane ba tare da sun san amsa ba. Nisan da suka fara kuskure shi ne iyakar na'urar a ƙasarmu, a rubuta shi da fenti a jikinta. Sassan kimiyyar lissafi da haske na jami'o'in jihar za su iya gudanar da wannan gwaji da kuɗin da bai kai na na'ura ɗaya ba. Ina jin 'yan kwangila ba za su so shi ba, wannan kuwa ƙarin dalili ne na yin sa.

Abin da gilashi ya kasa, mutane ke cikewa. Mai gari da sarkin noma da arɗo sun san wa ke ban ruwa a wane dare, wace hanya garke ke bi zuwa kasuwa, wane ƙauye ke da 'yan sa-kai nawa. Idan wannan sani bai isa kunnen mai riƙe da madubi kafin faɗuwar rana ba, to kowane manomi abin zargi ne. Yawancin na'urorin ɗumi na yanzu suna naɗar hoton bidiyo. A wajabta kunna shi, a kuma wajabta miƙa shi duk lokacin da aka yi harbi, domin iyalan wanda aka kashe su sami abin da za su kai gaban alƙali ban da rantsuwar wanda ya harbe shi. A yankin da kisan kuskure ɗaya kan makiyayi ko manomi ke iya haifar da ramuwar gayya ta shekaru, wannan ba ƙaramin al'amari ba ne, kuma tarihin 'yan sa-kai a Zamfara da gabashin Sakkwato ya ishe mu shaida.

Akwai kuma tambayar da ya kamata majalisar dokokin jiha ta yi kafin ta amince da ko sisin kwabo: ina za a yi cajin waɗannan na'urori a garin da wutar lantarki baƙuwa ce, wa zai gyara su idan ƙura ta shiga, kuma wa ke ƙirga su kowace safiya? Madubin da ya ɓace daga ma'ajiya ba ya komawa kanti. Daji yake shiga, kuma wanda zai ɗora shi a kan bindigarsa a can ba ya da buƙatar tantance kowa.